Rufin Kicin Ɗinmu a Shimfiɗe Yake, Me Za Mu Gaya wa Masu Inshora?

FILIN TAMBAYA DA AMSA: GIDA DA GINI

Biyu daga cikin wasiƙun wannan wata sun zo ne daga 'yan'uwanmu mazauna Birtaniya, kuma duk kan rufi suke magana. Na haɗa da wata gajeriya daga Kano don ita ma can ta nufa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, ya aiki, ya iyali? Ni da maigidana mun sayi gida a Birmingham bara, da bashin banki. Ainihin gidan rufinsa na tayil ne mai gangare, irin na sauran gidajen layinmu. Amma wanda ya sayar mana ya ƙara kicin ta baya, rufinsa a shimfiɗe, an lulluɓe shi da baƙar tabarmar kwalta. A sama kuma an mai da ƙarƙashin rufi ɗakin kwana, aka fito da wani ɗan akwati mai taga ta baya, shi ma samansa a shimfiɗe. Yanzu lokacin sabunta inshora ya yi, suna tambaya kashi nawa cikin ɗari na rufin ne shimfiɗaɗɗe. Bara maigidana ya zaɓi "ƙasa da kashi 10", bai ma tsaya ya duba ba. Da na gwada sa 30 a intanet sai kuɗin ya hau, wasu kamfanonin ma suka ɓace daga jerin. Shi ya ce mu bar shi yadda yake, wa zai hau ya auna? Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Na auna da kaina: gidan mita 8 ne da 6, kicin 6 da 3, akwatin sama 4 da 3. Me ka gani?
— Ƙanwarka a Birmingham

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri a gidan, ya sa ku gama biyan bashinsa lafiya. Rashin kwanciyar hankalin nan naki yana kan hanya, kuma tunda kin kawo awo, bari mu fara da lissafi.

Ki ɗauka kina kallon gidan daga sama, kamar shaho. Ainihin gidan 8 sau 6, murabba'in mita 48. Kicin 6 sau 3, 18. Jimla 66. Shimfiɗaɗɗen ɓangaren shi ne kicin, 18, da saman akwatin nan, 12, wato 30. Talatin cikin 66 ya kama kashi 45 da ɗoriya. In aka bi ainihin faɗin gangaren tayil ɗin maimakon kallon sama, adadin zai ɗan sauka zuwa wajen kashi 40. Ko kicin ɗin kaɗai aka ƙirga, kashi 27 ne. Ta kowace fuska aka duba, gidanku ya yi wa kashi 10 nisa, har 30 ɗin da kika gwada ma ya wuce ta.

Maigidanki ya ce wa zai hau ya auna. Ki gaya masa cikin ladabi cewa ba sai an hau ba. Ranar da kuka nemi diyya, ko da a kan gobarar da ba ruwanta da rufi ce, za a turo jami'in tantance ɓarna, kuma kafin ya fito daga ofis ya riga ya buɗe hoton gidanku na tauraron ɗan'adam a Google. Baƙin rufin kicin ɗin nan a fili yake a hoton. Na yi shekaru ina duba gidaje a yankin Midlands, inda Birmingham take, na sha tsayawa a bayan gida tare da irin waɗannan jami'ai, kuma abin da suke fara yi ke nan: su ɗaga kai, su duba takardar da mai gida ya cika.

Akwai doka a kan wannan, ta shekarar 2012, wadda ta fara aiki a 2013. Ta ɗora wa mai sayen inshora nauyin ya kula ya amsa tambayoyin kamfani daidai. Ta kuma raba kuskure gida biyu. In sakaci ne, sai a duba abin da kamfanin zai yi da an gaya masa gaskiya tun farko. Misali, kun biya fam 300 alhali da sun sani fam 400 za su caje ku, to kashi uku cikin huɗu na diyyar za su biya, ragowar daga aljihunku. In kuwa da sun sani ba za su karɓi gidan ba sam, suna da ikon soke yarjejeniyar su mayar muku da kuɗinku, ku tashi ba diyya. Gida na biyu shi ne wanda ya faɗi abin da ya san ba haka yake ba, ko ya yi ganganci bai damu ko gaskiya ne ko ƙarya ba. Wannan za a soke masa inshorar, a hana shi diyya, kuma galibi a riƙe kuɗin da ya zuba.

Ga inda nake so ku tsaya ku yi tunani ku biyun. Abin da ya faru bara ana iya kiransa sakaci. Bana kuwa kin auna, kin sani, shi ma ya sani. In kuka sake danna kashi 10, kun fita daga gida na farko kun shiga na biyu. Kuma bankin da ya ba ku bashi ya sa muku sharaɗin gidan ya kasance da inshora mai aiki. In Allah ya kawo tsautsayi aka soke ta, ga gida ya lalace, ga bashi yana nan daram. Bayan haka duk kamfanin da kuka nufa sai ya tambaye ku ko an taɓa soke muku inshora, amsar kuma za ta bi ku shekaru. Fam ɗari ko ɗari biyu da za a rage a shekara bai kai a jefa iyali cikin wannan ba. Ko babu doka ma, kuɗin da aka karɓa a kan bayanin da ba gaskiya ba ba abin da Musulmi zai so ya gyara ɗakin 'ya'yansa da shi ba ne.

Me ya sa suke tsoron shimfiɗaɗɗen rufi haka? Ni wannan ban koye shi a makaranta ba, a gidanmu na cikin birnin Zariya na koye shi. Soro ne, azarar giginya a jere, ƙasa a sama. Duk shekara in zafin bazara ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas, mahaifinmu zai aika a kira magini. Ya hau da kwandon kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya bi tsaga ɗaya bayan ɗaya yana cikewa, ya tumɓuke ciyawar da ta tsiro a kusurwa, ya shafe da laso. Mu yara aikinmu indararo ne. Mu zura hannu mu zaro sheƙar tsuntsu da busasshen ganye da tsumma, sannan a zuba bokitin ruwa a ga ko yana sauka waje da ƙarfi. Gidan da ya tsallake wannan aiki shekara biyu a jere, cikin Agusta za ka ji labarinsa: an kwana ana tara kwanoni a tsakar ɗaki, ko azara ta jiƙe ta karye. Ba wanda yake cewa ruwa ne ya yi laifi. Kowa a unguwa ya san yaɓe ne ba a yi ba.

Kamfanin inshora na Ingila da irin wannan idon yake kallon kicin ɗinki. Rufi mai gangare, ruwa na sauka yake gudu. Shimfiɗaɗɗe kuwa, wanda a ƙa'idar gini ta ƙasar shi ne duk rufin da karkatarsa ba ta wuce digiri 10 ba, ɗan gangaren da aka ba shi ƙanƙane ne ƙwarai. Mafi ƙaranci da ake so shi ne saukar santimita ɗaya a kowane santimita 80. Katako ya ɗan lotsa kaɗan, shi ke nan ruwa ya sami wurin kwanciya. Da rani rana ta gasa kwaltar ta yi bororo, da hunturu ruwan da ya shiga tsaga ya daskare ya buɗa ta. Tsohuwar tabarmar kwalta ba kasafai take wuce shekara 10 zuwa 15 lafiya ba, sabbin nau'o'inta kan kai 20, shimfiɗar roba ta EPDM da ta faibagilas kuma sun fi daɗewa in gwani ne ya shimfiɗa. Tayil kuwa sai ya ga jikoki. Akwai kuma batun ɓarawo, don rufin kicin matakala ce zuwa tagar bene. Shi ya sa da yawa daga cikin kamfanonin suke sa iyakarsu wajen kashi 25 zuwa 30, in an haura su ƙara kuɗi ko su janye.

Akwai wani gida da ba na mantawa. An kira ni saboda silin kicin ya rufto da asuba, Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Na jingina tsani na hau, sai ga ruwa kwance har idon sawu, baƙi ƙirin, ganyen kaka na yawo a kai. Rufin yana da ɗan bango kewaye da shi, mafitar ruwa guda ɗaya tak a kusurwa. Na naɗe hannun riga na lalubo bakin bututun, na zaro ƙwallon tanis da ta yi kore da gansakuka. Ina cire ta ruwan ya tafi da gurnani, cikin 'yan mintuna rufin ya tsane. A gefen bangon akwai zobe-zoben datti hawa uku, alamar ruwan ya daɗe yana cika yana ja baya. Jami'in kamfanin ya ɗauki hoton zoben nan, kuma a kansu aka ƙi biyan matar gidan kuɗin rufin. Tana tsaye a bakin ƙofa da jariri a kafaɗa lokacin da nake mata bayani. Indararo ne ya toshe, irin wanda muke zura wa hannu muna yara.

To, ga abin da zan yi in ni ne ku. Gobe ku kira kamfanin da kuke tare da shi, ku ce kun auna rufin kun ga amsar bara ba daidai ba ce, ku ba su sabon adadi, ku roƙi su tabbatar muku a rubuce. Ku tambaye su yadda suke ƙirgawa, da ko gareji ko rumfar ƙofa suna ciki, don kowane kamfani da nasa tsarin. In sun ce ba za su iya ba, kada ku tsaya kan shafukan kwatanta farashi kaɗai. Ku nemi dillalin inshora. Ƙungiyar dillalan ƙasar, BIBA, tana haɗa mutane da waɗanda suka saba da gidajen da ba su bi tsarin gama-gari ba, kuma gida mai kashi 45 ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Za a tambaye ku shekarun rufin da abin da aka yi shi da shi. Ku buɗe takardun da lauyanku ya ba ku lokacin saye, ku nemi takardar garanti ta mai rufin da shaidar amincewar hukumar gini, ku sake karanta rahoton wanda ya duba muku gidan. In ba ku sami komai ba, ku biya mai rufi mai rajista ya hau ya rubuta muku abin da ya gani, da kwanan wata da hotuna. Ku sa ya duba inda rufin kicin ya haɗu da bangon gidan, wurin da ake sa dalma, don nan yoyo ya fi farawa.

In sabuwar takarda ta zo, ki zauna ki karanta ta da biro a hannu. Sau da yawa akwai sharaɗi na musamman a kan shimfiɗaɗɗen rufi: wai sai ƙwararre ya duba shi duk bayan shekaru kaza, an gyara abin da ya gano, an ajiye shaida. Wanda bai cika wannan ba, ko ya faɗi gaskiya a kan kason, zai iya rasa diyya. Ki duba kuma nawa ne kason da ku za ku fara biya daga aljihunku kafin su ɗora, don wasu suna ƙara shi in ɓarnar ta wannan rufin ce. Sau biyu a shekara, bayan ganye ya gama zuba da kuma bayan hunturu, a share rufin da magudanarsa, a ɗauki hoto da waya. Ta tagar ɗakin sama ma za ki iya ɗaukar na kicin ba tare da kowa ya hau ba.

Abu na ƙarshe, tunda na san halinmu na zuwa gida. Yawancin takardun nan suna rage kariya in gida ya zauna ba kowa fiye da kwana 30, wasu 60, a jere. Dogon hutun makarantun Ingila kusan mako shida ne. In kuna da niyyar kwashe yara ku yi shi duka a gida, ku duba wannan adadi tun kafin ku sayi tikiti, ku sanar da kamfanin, ku kuma bar wa wani amintacce makulli ya riƙa leƙawa.

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. Ina zaune a Cardiff. Guguwar Darragh ta Disambar 2024, wadda har gwamnati ta aiko mana da gargaɗi a waya, ta yaye gefen rufin ɗakin da aka ƙara a bayan gidana, ruwa ya shiga ya ɓata silin da kafet. Na faɗa musu gaskiyar kason rufin tun farko. Duk da haka sun ƙi biya, wai rufin ya tsufa ne, guguwa ta tona asirinsa kawai. Shi ke nan na haƙura?
— Wani ɗan'uwa a Cardiff

AMSA: Malam, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya mayar da alheri. Kada ka haƙura tukuna, amma ka shiga maganar da idonka a buɗe.

Inshorar gida tana biyan abin da ya auku farat ɗaya ne: gobara, guguwa, fashewar bututu, faɗuwar bishiya. Ba ta biyan tsufa da lalacewar yau da gobe, kuma wannan a rubuce yake a kusan kowace takarda. Rigima tana tashi ne in abu biyun suka haɗu a rufi ɗaya, kamar naka.

Akwai ofishin da ke raba gardama tsakanin jama'a da kamfanonin kuɗi, Financial Ombudsman Service, kuma kai ƙara wurinsu kyauta ne. A shari'ar guguwa tambaya uku suke yi. Shin an yi guguwa a wurin a ranar ko kusa da ita? Shin ɓarnar irin wadda guguwa ke yi ce? Shin guguwar ce babban sanadi? Sai an amsa duka ukun da e ake cin nasara. Ta farko ba za ta ba ka wahala ba. Ma'aunin da ƙungiyar kamfanonin inshora ta ABI ta bayar shi ne iska mai gudun mil 55 a awa, ko ruwan sama milimita 25 a awa ɗaya, ko dusar ƙanƙara santimita 30 cikin awa 24, ko ƙanƙarar da ke fasa gilashi. Darragh kuwa hukumar yanayi jan gargaɗi, wanda shi ne mafi tsanani, ta fitar a kanta a gaɓar Wales, inda Cardiff take. Ta biyu ma tana gefenka, don yaye rufi aikin iska ne. A ta uku za a fafata.

Ka rubuta ka nemi cikakken rahoton wanda suka turo, da hotunansa. Ka duba ko ya hau rufin ne ko daga ƙasa ya tsaya. Tunda su ne suka kafa hujja da tsufa, su ya kamata su nuna shi: ruɓaɓɓen katako, tsohuwar tsaga, tabon ruwa na da. Kai kuma ka kawo naka. Rasit ɗin duk gyaran da ka taɓa yi, tsoffin hotuna ko da na taron suna ne a bayan gida da rufin ya fito a ciki, rubutaccen ra'ayin mai rufin da ya gyara maka, da shaidar ko maƙwabta ma sun yi asara a daren. In guntun da ya yaye yana nan, kada ka jefar. Gefen da aka fizge da ƙarfi daban yake da wanda ya saki don manninsa ya mutu, kuma mai sana'a yana ganewa da kallo ɗaya.

Sannan ka shigar da ƙorafi a hukumance wurin kamfanin, ka rubuta cewa ƙorafi ne. Suna da mako takwas su ba ka amsar ƙarshe. Daga ranar wannan amsa kana da wata shida ka kai wa ofishin raba gardamar, don haka in ka riga ka karɓi wasiƙar da ta ce ita ce ta ƙarshe, duba kwanan watanta yau ɗin nan. In ofishin ya yanke hukunci ka amince, dole kamfanin ya bi.

Ba zan ɓoye maka ba, in rufin ya haura shekara 20 kuma hotunansu sun nuna katako ya yi laushi, da wuya ka sami kuɗin rufin. Amma silin da kafet magana ce daban. Duba ko ka sayi ƙarin kariyar ɓarnar tsautsayi, ko kana da inshorar kayan ɗaki, ka nemi su auna ɓarnar cikin ɗakin a ƙarƙashinsu. Na ga waɗanda suka rasa na sama suka sami na ciki.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, gidana a Kano rabi kwano ne, rabi dekin da na zuba da niyyar ɗora bene in Allah ya hore. Dekin ɗin ya fara ɗiga. In na yi inshora za su gyara? Kuma ya hukuncinta?
— Mai karatu daga Kano

AMSA: Alhaji, ba za su gyara ba. Yoyon da ya riga ya fara kafin a ƙulla yarjejeniya ba ya shiga, haka ma wanda tsufa ko rashin ingancin aiki ya jawo. Abin da ake sayarwa a Najeriya galibi kariyar gobara ce, a ƙara mata guguwa da ambaliya da makamantansu in ka nema. Ranar da iskar farkon damina ta kwashe kwanon, nan za ta yi maka rana. Ka tabbata kamfanin yana da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ka kuma bayyana musu rabin dekin ne.

Batun hukunci na malamai ne, ka tuntuɓi naka. Abin da yake sananne shi ne Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta amince da ta taimakekeniya, wato takaful. A Sudan aka kafa kamfanin farko na irinta a 1979, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma yau akwai kamfanonin takaful masu lasisi a ƙasar, irin su Jaiz da Noor.

Dekin ɗinka kuwa kada ka bar shi ya ga wata damina a haka. An zuba shi ne a matsayin daɓen bene, ba a ba shi gangare ba, ga rodin da aka bari tsaye yana jan ruwa zuwa ciki. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake, ya tsaga kankaren daga ciki, har ka ga ɓawon siminti na faɗowa daga silin. Ka sa a share saman, a cike tsagar, a yi masa daɓe mai gangare zuwa mafita biyu aƙalla, a shimfiɗa tabarmar kwalta, a kuma rufe kan rodin da siminti mara ƙarfi wanda za a iya fasawa ranar da za ka ɗora benen. In ka riga ka ga jan tsatsa a silin ta ciki, kira injiniya ya duba kafin birkila ya taɓa komai.